Shekarun takarda da shekarun jiki

A Garwa ko Marwa, in ka tambayi saurayi mai neman aikin gwamnati shekarunsa, ba mamaki ya mayar maka da tambaya: na takarda ko na gaskiya? Ba ya jin nauyin faɗin haka, kai ma ba ka jin ta baƙuwa a kunne. Abin ya zama ruwan dare har ya samu suna a faɗin Kamaru. Ana cewa wane ya yanke shekaru, ko a ce yana da shekarun Kumba, da sunan garin nan na kudu maso yamma da aka liƙa wa tambarin sake takardar haihuwa, alhali ko'ina ana yi. Muna yin dariya mu wuce. Ni dai na daina ganinsa abin dariya, domin shekarun da aka yanke ba ɓacewa suke yi ba. Bashi ne, kuma sau da yawa wanda zai biya ba shi ne ya ci ba.

Kafin a zargi kowa, sai an raba abu biyu da ake cakuɗawa. Akwai wanda ya san ranar haihuwarsa ya sauya ta, akwai kuma wanda tun asali bai san ta ba. Kashi na biyun ya fi yawa a wurinmu. Duba katin iyayenmu da kakanninmu, za ka ga an rubuta da Faransanci cewa an haife su "wajajen" shekara kaza, ko ka ga rabin tsofaffin unguwa duk ranar 1 ga Janairu aka haife su. Ba ƙarya suka yi ba. Su da abin da ya faru suke lissafi: shekarar babban fari, shekarar da Ahidjo ya sauka daga mulki a 1982, shekarar da darajar sefa ta faɗi a 1994, ko kuma "tare aka yi mana kaciya da wane". Wannan lissafin ya wadatar da su, tunda abin da ake bukata shi ne a san wane ne gaba da wane, wa zai fara gaida wa.

Har yau matsalar ba ta kau ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna kusan kashi 62 cikin 100 ne kawai na yaran Kamaru 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajistar haihuwa, kuma yankin Arewa Mai Nisa yana ƙasa da haka. A Cadi, binciken 2019 ya nuna kusan yaro ɗaya ne cikin huɗu. Dokar Kamaru ta ba iyaye kwana 90 su kai rahoton haihuwa ofishin magajin gari ko cibiyar rajista. In lokaci ya ƙure sosai, sai an bi ta kotu a samo hukuncin da ake kira jugement supplétif: a kai yaro wurin likita ya kimanta shekarunsa da ido, a kawo shaidu, alƙali ya sa hannu.

To a nan ne ƙofar take buɗewa. Yawancin yaran ƙauyukanmu ba ranar haihuwa ake yanke musu shekaru ba, sai ranar da suka kai aji shida na firamare, shugaban makaranta ya ce ba za a karɓi dosiye, wato takardun neman shiga jarrabawar kammala firamare ta CEP, ba sai da takardar haihuwa. Uba zai zo ya zauna, ya ce: "Malam, a rage masa biyu ko uku, saboda gaba." Malam ya san me ake nufi da gaba, shi ma haka aka yi masa. Yaron yana waje yana wasa, bai san an taɓa rayuwarsa ba. Ƙaryar farko ke nan, kuma uba mai ƙauna ne ya yi ta. Duk wanda zai yi maganar yanke shekaru ya tsallake wannan zama, bai fahimci lamarin ba.

Me uban yake tsoro? Ƙofofin da ake rufewa da kwanan wata. Ɗaukar sabbin sojoji yana tsayawa a shekara 23. Makarantar ENAM, wadda ke fitar da manyan jami'an mulki da alƙalai da ma'aikatan haraji da kwastan, ba ta karɓar wanda ya haura 32 daga waje. Sauran konkur ɗin gwamnati, wato jarrabawar gasa ta neman aiki, kowanne da iyakarsa. Yanzu mu yi lissafi da yaron ƙauye a Mayo-Sava ko Mayo-Danay. Ya fara da makarantar allo da kiwo, bai shiga boko ba sai yana shekara 9. Firamare shekara 6, sakandare shekara 7, ya kai 22 in bai faɗi ko sau ɗaya ba. Kuma wa ke wucewa haka sumul? A tsarin Faransanci na Kamaru bayan BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, akwai wata mai suna probatoire kafin a kai ga bakaloriya ta ƙarshen sakandare, shingen da ke cinye wa yara da yawa shekara ɗaya ko biyu. Ga shekarar da uba ya rasa kuɗin makaranta. Ga waɗanda rikicin Boko Haram ya rufe wa makarantu tun daga 2014 a Kolofata da Amshide da Fotokol, suka yi gudun hijira, suka dawo aji bayan shekaru. Ga ambaliyar da ta ci Yagwa a 2024, ta tafi da azuzuwa da takardun mutane. Irin wannan yaro yana samun bakaloriya yana 24 ko 25. Aikin soja ya riga ya wuce shi. In ya daure ya yi digiri a Jami'ar Marwa, wadda sai a 2008 aka kafa ta, ko ta Ngaundere, ya kai 28. Sauran shekara huɗu ya gwada sa'arsa, in yana da kuɗin haɗa dosiye da na mota. Takwaransa na Yawunde ko Duwala da ya shiga aji yana shekara 5 ko 6 yana da ninkin wannan dama da ƙari.

Doka ɗaya ce ga kowa, amma ba wuri ɗaya aka tashi ba. Shi ya sa nake ganin gwamnati tana da hannu a ƙaryar da take hukuntawa. Iyakar shekaru tana da hujja, ban musa ba. Soja yana bukatar ƙarfin jiki. Gwamnatin da ta kashe kuɗi ta horar da ma'aikaci tana son ya yi mata aiki mai tsawo kafin ya fara cin fansho, kuma tun dokar shugaban ƙasa ta 30 ga Disamba 2020 manyan ma'aikata na rukunin A da B suna ritaya a shekara 60, na rukunin C da D a 55. Amma wanda ya shiga aiki yana 37 har yanzu yana da shekara 23 a gabansa. Me ya hana shi koyar da lissafi a Mokolo ko ya riƙe rajista a ofishin haraji? Ƙasar da shugabanta aka haife shi a 1933, wadda ake ƙara wa manyan jami'anta wa'adi bayan lokacin ritaya ya yi, ba za a ce tana ƙin tsufa ba. Tsufan wanda bai samu shiga ba ne kawai take ƙi.

Duk da haka, tausayin da nake yi wa mai yanke shekaru bai sa na manta da wanda yake bayansa a layi ba. Kujerun konkur ƙididdigaggu ne. In mai shekara 36 ya shiga da takardar 29, akwai wata yarinya mai 31 ta gaskiya, wadda wannan ce damarta ta ƙarshe, da ta koma gida. Ba ta san shi ba, shi ma bai san ta ba, shi ya sa abin ba ya yi masa nauyi. A ƙwallon ƙafa ne aka fi ganin wannan ƙarara. Tun 2009 FIFA ta fara amfani da na'urar MRI tana duba ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da shekara 17, domin ƙashin yana gama haɗewa ne in mutum ya girma. A ƙarshen 2022, da hukumar ƙwallon Kamaru ƙarƙashin Samuel Eto'o ta gwada yara 30 da aka kira sansani kafin gasar yankin tsakiyar Afirka a Limbe, 21 suka faɗi gwajin. Aka kira wasu, 11 suka sake faɗuwa. Duniya ta yi ta surutu a kan abin kunya. Ni waɗanda na tuna su ne yaran da suke 15 da 16 na gaskiya a filayen Garwa, masu mafarkin sa rigar Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon garin, waɗanda kullum ake ce musu ba su da ƙarfi, alhali da yayyensu ake gwada su.

Shi ma mai yankewar yana biyan nasa kason, sai dai a makare. Asusun CNPS, hukumar inshorar ma'aikata ta Kamaru, yana biyan fanshon tsufa ne a shekara 60 ta takarda. Wanda ya rage shida zai ci gaba da fita aiki har ya kai 66, gwiwa tana ciwo, ido ya raunana, hawan jini ya kama shi, takarda kuwa tana cewa da sauransa. Wasu ba sa kai wa. Ga kuma wahalar da ta zo da zamani: tun da aka koma katin ɗan ƙasa mai haɗe da zanen yatsa a kwamfuta a 2016, mutanen da suka taɓa yin kati da wata ranar haihuwa suka dawo da wata sun maƙale. Na'ura ta ga yatsa ɗaya da mutum biyu, ta riƙe katin. Akwai waɗanda suka yi shekaru suna yawo da rasit ana ta sabunta musu, ba fasfo, ba asusun banki, ga fargaba a kowane shingen jandarma. A Cadi ma hukumar ANATS mai ba da katin ɗan ƙasa da lambar shaida ta ƙasa sun kama wannan hanya. Wani kuma sai ya sake zama jarrabawar BEPC da bakaloriya da sabon suna ko sabuwar shekara don takardunsa su yi daidai, ya ƙone shekara uku wajen ɓoye shekara biyar. A cikin gida kuwa abin yakan fito ranar rabon gado, in aka baje takardu a gaban alƙali: yaya ya zama ƙane, ko a ga uwa ɗaya ta haifi 'ya'ya biyu wata huɗu tsakani.

Akwai kashi ɗaya da ba na nema wa uzuri: babban ma'aikacin da ya ga ritaya ta matso, ya nemi a taɓa masa dosiye don ya ƙara shekaru a kujera. Wannan ba ƙofa aka rufe masa ba. Shi ne ya tsaya a bakin ƙofa.

A fagen aure babu ma'aikatar da ta kafa iyaka, amma mun kafa tamu, kuma ta fi ta gwamnati tsanani. Yarinya ta kai 25 ba ta yi aure ba, sai a fara raɗa cewa ta yi kwantai. A gidan biki goggonni su ja ta gefe: "'Yata, me ake jira ne? Sa'o'inki duk da goyo." Mu ne muka yi ta kira a bar 'ya'ya mata su yi karatu, suka yi, suka fito da digiri suna 26 ko 27, sannan muka juya muka hukunta su da shekarun da karatun ya ci. In manemi ya zo, uwa ce ke fara ragewa: "Ai ba ta wuce 22 ba." 'Yar ta yi shiru, shirun ya zama ƙaryarta. Bazawara ma haka, takan rage shekaru, wani lokaci har babban ɗanta ya koma "ƙanena" a gaban baƙo. Duk wanda ya san zafin wannan a zuciyar uwa ba zai yi saurin zaginta ba.

Maza ma suna yi, sai dai nasu ba a cika kiransa ƙarya ba. Mutum yana 56 ya rine gemu da baƙi, ya aske furfurar kai, ya ce wa yarinya 'yar 20 shi 43 ne. Ba ya ambatar cewa 'yarsa ta fari ta girmi wadda yake nema. Da can wannan ba ya yiwuwa cikin sauƙi, domin aure a unguwa ake yin sa. Ungozomar da ta yanke cibiya tana nan, waɗanda suka ci naman suna suna nan, liman da jauro sun san kowa. Yanzu ana haɗuwa a Facebook, a koma WhatsApp, shi yana Kusiri ita tana Njamena, ko shi yana Ngaundere ita tana Yola. Hoton da ake turawa waya ta goge masa kowane layi na fuska. Kafin dangi su fara bincike, zuciya ta riga ta yi nisa.

Ban ce kwalliya ƙarya ce ba. Lalle da kwalli da turare da tufa mai kyau halal ne, kuma mutum ya kula da jikinsa don ya yi kyau a idon wanda yake so abin yabo ne. Ko rina furfura yana da asali: ranar buɗe Makka da aka kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat, Annabi (SAW) ya yi umarni a sauya farin, amma a guji baƙi. Malamai da yawa sun fahimci cewa abin gudu a baƙin shi ne ruɗi, mutum ya nuna ƙuruciyar da ba shi da ita don ya samu abin da ba zai samu ba in an san gaskiya. Hadisin da ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu a kan cinikin hatsi ya zo, inda aka ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa aka sa busasshe a sama. In haka ne hukuncin buhun hatsi, ina ga rayuwar mutum? A mazhabar Malikiyya da muke bi, aibobin da ke ba da zaɓin warware aure sanannu ne: hauka, kuturta, albaras da cutar da ke hana saduwa. Shekaru ba sa ciki. Auren ya ɗauru ke nan. Amma ɗauruwar aure daban, wanke kai daga ha'inci daban.

Wasu za su ce, in ana son juna me lamba za ta ƙara ko ta rage? Da ma haka ne. Lambar tana ɗauke da abubuwan da ɗayan yake da haƙƙin ya auna kafin ya amince. Damar ɗaukar ciki ga mace tana raguwa da shekaru, raguwar tana ƙara sauri bayan 35, kuma cikin da aka ɗauka a wannan lokaci yana bukatar kulawa ta musamman saboda hawan jini da ciwon sukari na masu juna biyu. Matar da ta shiga ɗaki tana 37 da sunan 29, in shekara biyu ta wuce shiru, likita zai duba katinta ya ce ta ƙara haƙuri, da sauran lokaci. Dangin miji su fara maganar asiri da aljanu, a yi ta zagayen masu magani, lokacin da ya kamata a yi amfani da shi a asibiti yana zubewa. Ita kaɗai ta san gaskiya, kuma ba ta da bakin faɗa. Na fi jin tausayin wannan mata fiye da kowa a cikin wannan lamari, domin ƙaryar da aka yi don a cece ta ita ce ta ɗaure mata hannu.

Ta ɗaya gefen, yarinyar da ta auri mai 56 tana zaton 43 ne, an karɓe mata shekara goma sha uku na lissafin rayuwarta ba da saninta ba. Tana 30 za ta zama mai jinya. Tana iya zama gwauruwa da 'ya'ya ƙanana a gidan da manyan 'ya'yan miji suka girme ta. Wataƙila da an gaya mata gaskiya ta yarda, mata da yawa sun auri dattawa da idonsu a buɗe sun zauna lafiya. Abin da aka hana ta shi ne zaɓi. Kuma ranar da gaskiya ta fito, ba shekarun ne ke kashe auren ba, tambayar da ke biyo baya ce: me kuma ka ɓoye mini?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda muke karanta tarihin Nana Khadija a kowane Mauludi, mu ce tana da shekara 40 Annabi (SAW) yana da 25 bisa shahararriyar ruwaya, ga ta bazawara mai 'ya'ya, sannan mu fito daga wurin karatun mu hana ɗanmu auren wadda ta girme shi da shekara biyu. Muddin uwar miji tana tambayar shekarun yarinya kafin ta tambayi halinta, za a ci gaba da yi mata ƙarya.

Takardar da ake iya ja ƙasa kuwa ana iya jan ta sama, kuma wannan ne ɓangaren da ba mu cika son tattaunawa ba. Kundin hukunta laifuka na Kamaru na 2016 ya haramta aurar da wanda bai kai 18 ba, namiji ko mace. Cadi ta yi irin wannan doka a 2015. Amma yarinyar da ba ta da takardar haihuwa, wa zai tabbatar 14 take? Hanyar da uba ya bi ya rage wa ɗansa uku don ya samu aikin soja, ita ce wani uban zai bi ya ƙara wa 'yarsa huɗu don a ɗaura mata aure. Yaron da aka kama da laifi ma, in babu takarda, ana iya tura shi kurkukun manya saboda tsawonsa. In muka yarda shekaru abin ciniki ne lokacin da cinikin ya yi mana daɗi, mun cire kariya daga waɗanda ba su da wata kariyar sai ita.

Abin da nake ganin ya wajaba a kan gwamnati bai fi ƙarfinta ba. A ɗaga iyakar shekarun konkur na ayyukan da ba na ƙarfin jiki ba, ko a ƙara wa yaran yankunan da yaƙi da ambaliya suka rufe wa makarantu wasu shekaru a fili, a rubuce, maimakon a bar su su sata a ɓoye. A sauƙaƙa wa wanda iyayensa suka sauya wa shekaru tun yana yaro hanyar komawa ga ranarsa ta gaskiya, a gyara masa takardun makaranta su bi ta, ba tare da ya ji tsoron kurkuku ko kora daga aiki ba. Hukumar BUNEC da aka ɗora wa gyaran rajistar haihuwa da kotunan tafi-da-gidanka da ake kai wa ƙauyuka suna ƙoƙari, amma yin takarda ga yaro ɗan shekara 12 kimantawa ce kawai, komai kyawun niyya.

Namu kason ya fi kusa. A neman aure, waliyyai su tambayi shekarun ɓangarorin biyu, ba na mace kaɗai ba, kuma a faɗa tun kafin a sa rana, lokacin da janyewa ba ta zama tonon silili ba. A haihuwa kuma, ranar suna rana ce ta bakwai, liman yana wurin, jauro ko wakilinsa yana wurin, an yanka rago an kashe abin da aka kashe. Daga ranar akwai sauran kwana 83 da za a iya yin rajista kyauta. In liman ya saba tambayar uban jariri, bayan ya raɗa suna, "Malam wane, an kai sunan ofis?", kuma jauro ya riƙe littafin da yake rubuta kowace haihuwa ya miƙa wa sakataren rajista duk ƙarshen wata, yaran da za a haifa bana a unguwar za su kai aji shida da ranar haihuwarsu a hannu, ba sai likita ya duba haƙoransu ya yi hasashe ba.